Tarihin kaɗa a ƙasarmu



Kwanan baya mun nuna wa yaran lakwal mazari, muka tambaye su sunansa. Babu wanda ya sani. Wannan ya sa muka ga ya kamata mu tuna da kaɗa, wadda Hausawan gabas ke kira auduga.

Kaɗa dangin kuɓewa ce da rama da yakuwa. Ku dubi furensu, za ku ga kama. Tun kafin zuwan nasara kakanninmu suna shuka ta a fadamun Majiya. Mata su gurje ta su fid da gurya, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa sawaye, marina su rina. Da wannan ake rigar ango da zanen amarya, da shi ake likkafani. Mutum ya zo duniya, ya koma, duk cikin tufar gida.

A 1949 Faransa ta kafa kamfanin CFDT, wanda ya fara aiki a Nijar a 1956. Ya kawo sabon iri da maganin feshi, aka kafa luzin gurzar kaɗa a Madawa. Daga nan manomi ya koma kai kaɗarsa sikeli, ya karɓi kuɗi, ya biya lanho, ya sayi yadin kanti. Kuɗi sun shigo, amma masaƙi ya fara rasa zare.

Sai farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya. Mai iyali ya ga kaɗa ba ta shiga tukunya, ya mai da fadamarsa ga dawa da albasa. Samari suka tafi ci-rani, gwanjo ya cika kasuwannin Buza da Keita.

Ba mu ce a bar albasa a koma kaɗa ba. Roƙonmu ɗaya ne: tsofaffin da suka iya kaɗi da saƙa a Deule suna ƙarewa. Duk mai mazari, bakan shiɓa ko tsohon gwado a ɗaki, ya kawo lakwal mu adana. Iyayenmu mata kuma su zo su nuna wa jikokinsu yadda ake kaɗi, mu rubuta daga bakinsu. Ƴan'uwa na waje, ku taimaka da kuɗin akwatin ajiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka.