Daga Bakin Teku Zuwa Zariya: Tarihin Zanen da Ba Ya Kwaikwayon Siffa

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe da sassafe a lokacin hunturu ya san yadda hazo yake cinye Dutsen Kwatarkwashi. Ba ka ganin itace, ba ka ganin tsagin dutse, sai wani baƙin tudu da ya narke cikin toka-toka. Da wani zai ɗauki wannan launi kaɗai ya shimfiɗa a kan ƙyalle, da yawanmu za mu tambaye shi: to, mene ne wannan? Ga shi kuwa irin wannan zane yana da tarihi, kuma wani babban yanki na tarihin a ƙasar Hausa ya faru.

A Turai, teku na cikin abubuwan da suka koya wa masu zane sakin siffa. Ruwa ba ya tsayawa, balle a kwaikwaye shi. Turner, mutumin Ingila da ya rasu a 1851, ya yi ta zana guguwar teku har jirgi da sama da ruwa suka cakuɗe. A 1915, Mondrian ɗan ƙasar Holan ya zana teku da gadar da ta kutsa cikinsa, bai sa komai ba sai gajerun layuka, wasu a tsaye, wasu a kwance. Ya bar kamannin ruwa, ya kama motsinsa.

A Nijeriya kuwa, labarin ya bi ta Zariya. A 1955 aka ɗauke sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere daga Ibadan zuwa can, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman akasari Turawa ne, ɗaliban kuma da yawansu daga Kudu suka zo. Yusuf Grillo ɗan Ikko ne, a bakin ruwa ya tashi, daga baya aka san shi da yawan amfani da shuɗi. Bruce Onobrakpeya daga ƙasar Urhobo ya fito, yankin Neja Delta. Uche Okeke kuwa a Kafancan ya girma.

A 1958 su da Demas Nwoko da wasu abokansu suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu na alƙalami da fenti ne. Sun ƙi yarda a ce zanen Bature kaɗai ne zane. Suka ce a ɗauki dabarar da aka koya a aji, a haɗa da abin da aka gada a gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma kusan duk wanda zai ba da tarihin zanen zamani a Nijeriya sai ya biyo ta kanta.

Bayansu aka yi Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, ya yi karatu a Zariya, ya kuma koyar a can. Shi yakan tsiyaya fenti mai ruwa a kan ƙyalle, ya bar shi ya gangara, sannan ya bi sawunsa ya fitar da abin da yake so. Ya rasu a haɗarin mota a 1995. Jerry Buhari, ɗan Kudancin Kaduna kuma farfesa a jami'ar, ya daɗe yana amfani da launi wajen nuna yadda ake lalata muhalli.

Abin lura shi ne, waɗannan mutane sun zauna ne a garin da ya riga su sanin wannan fasaha. Maginan Zazzau, garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, sun daɗe suna ƙawata fuskar zaure da dagi da da'ira da layuka masu sarƙewa. Maɗinki yana fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga. Mata suna zana lalle, masu gyaran ƙwarya suna ƙona mata ado. Babu wanda ya taɓa tsare mai riga ya ce sai ya faɗi abin da askar take kama da shi. Ido ya gani, ya gamsu.

Ke nan ba baƙo ba ne a wurinmu, ƙyallen da firam ɗin ne baƙi. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, siminti da kwano suna ta maye gurbin ginin ƙasa, kuma duk zauren da ya rushe yana tafiya da zanensa. Maginin da ya iya, in ya tsufa bai sami magaji ba, shi ke nan.

Ba mu da teku a Zamfara. Muna da jar ƙasa bayan ruwan farko, da koren fadama, da duwatsun Tsafe, da gulbin da ya ratsa Gusau. Yaron da ke Magami ko Bunguɗu, mai waya a hannu, yana iya ganin aikin Mondrian cikin minti ɗaya. Kafin ya yi haka, ya fara ɗaukar hoton tsohon zauren unguwarsu, tun daminar baɗi ba ta kai shi ƙasa ba.