Gilashin Chartres da Ƙasar Zazzau: Wa Ke Tsaron Zanen Ɗakunan Ibada?

A 1939, da gangar Yaƙin Duniya na Biyu ta fara kaɗawa, hukumomin Faransa suka sa aka ciccire tagogin babbar majami'ar Chartres, aka jera su cikin akwatuna aka ɓoye. Gilasai ne masu launi, akasarinsu na ƙarni na 13, an harhaɗa su gutsure-gutsure da dalma. Da ƙura ta lafa aka mai da kowace taga gurbinta, a 1979 kuma UNESCO ta sa majami'ar cikin kayan tarihin duniya.

Dalilin wannan ɗawainiya shi ne abin da tagogin ke faɗa. Akwai Maryamu sanye da shuɗi, akwai itacen da ya tsiro daga Yesse mahaifin Annabi Dauda, rassansa suka kai ga Almasihu. Hasken da ke ratsa gilashin ma malaman cocin wancan zamani sun ɗauke shi alamar hasken Ubangiji. A gindin tagogi da yawa an zana mahauta da masu burodi da dukawa suna sana'arsu, wata tagar kuma ta bi watannin shekara da aikin gona na kowane wata. Manomin ƙasar Hausa da ya ga mai lauje yana girbi a jikinta ba zai nemi tafinta ba.

A ƙasar Hausa magini ne ya ɗauki wannan nauyi na isar da ma'ana, da tubali da azara da makuba. Musulunci ya hana surar mai rai a masallaci, sai ma'ana ta koma cikin tsari: bakan gizo da ke haɗuwa a ƙarƙashin tulluwa, zane mai saƙa a jikin ginshiƙi, alƙibla da ke jan ido zuwa gabas. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Hatta majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, ginin 1929, da ƙasa aka yi ta bisa tsarin maginan Hausa.

Dokar kare irin waɗannan gine-gine fa akwai ta. Tun 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, Hasumiyar Gobarau ta Katsina tana cikin abin da take karewa. Amma takardar gwamnati ba ta hana damina cin bango. Ginin ƙasa yaɓe yake so a kai a kai, da gyaran indararo, da idon gwanin da zai gane azarar da gara ta cinye. Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Idan na ƙofar fada ya kai ga haka, ina ga na ƙauye?

A karkarar Bakori da Funtuwa da Malumfashi, kaka ta yi kyau, masara da auduga sun kawo kuɗi, abin da jama'a kan fara tunawa shi ne sabunta masallaci: a rushe na ƙasa, a ɗora bulo da kwano. Niyya ce ta lada, babu mai ganin laifinta, tunda rufin ƙasa yana yoyo, jama'a kuma sun ƙaru. Illar ita ce akan rushe ba a auna ba, ba a ɗauki hoto ba, ba a tambayi dattawa wane magini ya yi zanen ba, ko me yake nufi da shi.

Awo yana da amfani. Saboda Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan Folan, da abokan aikinsa sun auna masallacin Zariya daki-daki, aka iya gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗaliban sashen zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello ba, in hakimai da limamai za su riƙa sanar da su kafin a sa diga, a kuma biya tsofaffin magina su zauna a rubuta sunan kowane zane daga bakinsu.