Daga motoci masu sarƙa zuwa 404 bashe: wa ya riƙe tarihin hanyarmu?

A nan wajenmu in aka ce gwanjo, abin da ke zo wa mutum a rai shi ne dilar tufafi da ake kwancewa ranar kasuwa, riga dala ashirin, wando dala talatin. Gwanjo kayan talaka ne. Amma a Turai akwai wani gwanjon da sai mai hannu da shuni ke shiga, na tsofaffin motoci, kuma mutane kan yi tafiyar kwana da kwanaki don su halarta. A watan Fabrairun 2015, a birnin Paris, kamfanin Artcurial ya yi gwanjon motoci kusan sittin da wani mai motocin sufuri, Roger Baillon, ya tara ya bari a rumfuna har tsatsa ta ci su. Guda ɗaya cikinsu, ƙirar Ferrari, ta tashi a kan Yuro miliyan 16 da ɗoriya, wato fiye da miliyar 10 na sefa. Abin da ya ƙara mata daraja shi ne an san lambarta, an san hannun da ta bi, har an san ɗan wasan fim Alain Delon ya taɓa riƙe ta.

Mu kuwa, ku zagaya bayan tashar Tasawa ko wani gareji a Mayahi, za ku ga gangar jikin 404 bashe ba taya ba gilashi, awaki na kwana a ƙarƙashinta, tana jiran ranar da masu sayen ƙarfe za su zo su auna ta da kilo. Ba wanda zai tambayi wa ya fara sayenta, ko buhu nawa na gero ta ɗauka a rayuwarta. Ni a ganina bambancinmu da su ba a ƙarfen yake ba. Su sun rubuta, mu ba mu rubuta ba. Kuma abin haushin, wasu daga cikin labaran da suke alfahari da su ta ƙofar gidanmu suka wuce.

Bari mu koma 1924. A ranar 28 ga Oktoba na wannan shekara, motoci takwas na kamfanin André Citroën suka tashi daga Kolom-Beshar a Aljeriya, da niyyar ratsa Afirka. Motoci ne masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, don kada yashi ya riƙe su. Jagororin tafiyar su ne Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, Faransawa kuma suka sa mata suna Croisière Noire. Bayan sun ƙetare Sahara sun biyo kogin Kwara zuwa Yamai, daga nan suka miƙo gabas ta Doso, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, sai Damagaram, kafin su nufi tabkin Chadi. Tafiyar ba ta ƙare ba sai a tsibirin Madagaska cikin Yunin 1925.

A Tasawa sun iske Sarki Barmu a kan gado. Cikin ayarin akwai mai ɗaukar fim, Léon Poirier, da mai hoto, Georges Specht, da mai zane ɗan Rasha, Alekzanda Yakoblef. Sun ɗauki hotuna a fadar sarki har da na matan gidansa. Ku tuna fa, shekara ashirin da biyar kacal kafin wannan rana, a 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta biyo ƙasar nan tana ƙona garuruwa, har ajalin shugabanninta biyu ya cim musu a wajen Maijirgi. Ke nan dattijon da ya fito kallon motocin Citroën, wataƙila yana saurayi ya gudu daga waccan wuta. Me ya raya a zuciyarsa da ya ga Nasara sun dawo cikin keken ƙarfe mai ƙugi? Ba wanda ya tambaye shi.

Akwai kuma tambayar da fim ɗin bai amsa ba: wa ya share hanyar? A zamanin mulkin mallaka ba katafila ke buɗe hanya ba, mutane ne, da gatari da hauya da kwando a ka, a ƙarƙashin aikin dole. Kumandan ya ba sarki umarni, sarki ya ba masu gari, masu gari su fito da samari. Ba a soke aikin dole ba sai a 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Sunayen Turawan ayarin duk suna cikin littafi, har motocin ma kowace da sunanta da tambarinta. Sunayen kakanninmu da suka sare kalgo da sabara don mota ta wuce, babu ko ɗaya. An haska fim ɗin a Paris a 1926, zane-zanen Yakoblef kuma har yau in suka fito gwanjo a Turai kuɗi masu nauyi ake zubawa a kansu. Fuskokin mutanenmu ne ake tayawa, mu ko kwafi ba mu da shi a lakkol.

Motar da ta shiga rayuwar talaka da gaske ba ta Citroën ba ce, kamiyon gyaɗa ne. Daga shekarun 1930 zuwa farkon 1970, gyaɗa ce dukiyar ƙasar Maraɗi da Damagaram, da ita ake biyan haraji, da ita ake aure. Daga ƙauyukan Mayahi da Kanambakashe, inda yashi ke da zurfi, jakuna da raƙuma ke kawo ta wurin awo, sannan manyan motoci su kwashe. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin. A wannan zamani ne aikin direba ya zama sana'ar da yaro ke mafarki, ya fara da karen mota, yana ɗaure kaya yana sa waigi a bayan taya, har ranar da maigida zai miƙa masa sitiyari. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, amma direbobin da ta haifa sun rage.

Sai zamanin Peugeot. An fito da 404 a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, abin da ya sa kayan gyaranta suka wadata a Kano da Katsina, nan kusa da mu. Ta arewa ma wata ƙofa ta buɗe. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turawa kan sayi tsohuwar 504 da arha a Faransa, su hau jirgin ruwa zuwa Aljeriya, su biyo Tamanrasat da Asamaka zuwa Arlit da Agadas, su sayar, su koma gida da kuɗin jirgin sama. Lokacin kuɗin yuraniyom ya shigo, masu saye ba su yi wuya ba. Tasu tafiyar yawon buɗe ido ce, tamu kuwa hanyar abinci: motar da Bature ya gaji da ita, a hannun direban Tasawa za ta ƙara shekara ashirin tana jigila. Yaƙin basasar Aljeriya da tawayen arewacin ƙasarmu a farkon shekarun 1990 suka rufe wannan hanya, motocin hannu suka koma shigowa ta tashar ruwan Kotono. Daga nan Toyota ta ture Peugeot, babur ɗan China kuma ya zo ya kwashe fasinjan ƙauye.

Bara da kaka na shiga wata bashe daga Tasawa zuwa wajen Mayahi, mu da buhuna da tumaki biyu. Sau uku muna sauka turi. Direban dattijo ne, ya haura saba'in. Da muka kafe a yashi bai ko ɗaga murya ba, ya rage iskar tayoyi, ya sa aka shimfiɗa kaba a gabansu, muka fita. A hanya ya riƙa nuna mini inda tsohuwar hanya ta bi, da rijiyar da suke tsayawa su zuba wa inji ruwa, da sunan maigidan da ya koya masa tuƙi. Na ce, “Baba, an taɓa rubuta wannan?” Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, wa zai rubuta labarin direba?” Wallahi har muka isa ban sami abin ce masa ba.

Na san wani zai ce: mutumin da ke neman na cefane ina ruwansa da adana tsohuwar mota? Gaskiya ne. Ba zan ce wa magidanci kada ya sayar da ƙarfensa ya sayi hatsi ba, kuma ba mu da gidan da za mu jera motoci muna goge su. Amma abin da ya ba Ferrari ta Baillon daraja, wato labarinta, ba ya bukatar miliyoyi. Kaye ɗaya da biro da wayar da ke aljihunmu sun isa.

Saboda haka, ƴan uwa ɗalibai, hutun nan kowa ya nemi tsohon direba ɗaya, ko makanike, ko ɗan kamasho a garinsu. A tambaye shi motar da ya fara tuƙawa da shekarar, da na wa ce, da kwana nawa ake yi daga nan zuwa Damagaram kafin a zuba kwalta, da nawa ne kuɗin mota. A ɗauki hoton motar da lambarta tun ba a kai ta sikeli ba. A tambayi tsofaffi ko iyayensu sun ba su labarin aikin hanya, da sunayen waɗanda aka ɗiba. Mu tattara a ƙungiya, mu buga a irin wannan ɗan littafi. A 1924 wasu ne suka zo da kyamara suka ba da labarinmu yadda suka ga dama. Dattijon nan na hanyar Mayahi yana nan da rai, kuma ya ce in na koma da kaye zai faɗa mini sauran.