Daga Duwatsun Japan Zuwa Wayar Ƙanena

'Yan uwa marubuta, shekaranjiya a Horo Birni na iske ƙanena yana gem a waya, motarsa na shan kwana a karkace, hayaƙi na tashi. A tunaninsa masu gem ne suka ƙago salon.

Asalinsa Japan ne. A shekarun 1970 direban tsere Kunimitsu Takahashi ya yi suna wajen barin tayoyin baya su zame a kwana, yana karya sitiyari ɗaya gefen. Keiichi Tsuchiya ya kwaikwaye shi a hanyoyin duwatsu da Toyota AE86, bidiyonsa na 1987, Pluspy, ya yaɗa salon. Gasar D1 Grand Prix ta kankama a 2001, gem ɗin Need for Speed: Underground ya ware masa gasa a 2003, fim ɗin Tokyo Drift ya fito a 2006.

A gem, in ka daki bango sai ka sake. Titin Bodinga zuwa Shagari bai san wannan ba. Wanda zai rubuta jarumi mai wasan mota ranar biki, kada ya tsaya kan shewa: ya sa yaran da ke bakin titi.