Jam'iyyar Ba'as: Tashinta da Faɗuwarta

Kalmar Ba'as a Larabci tana nufin tashi daga matattu. Sunan da waɗansu malaman makaranta biyu na Dimashƙu suka zaɓa wa jam'iyyarsu ke nan. Ɗaya shi ne Mishel Aflaƙ, Kirista ɗan Ikilisiyar Otodoks, ɗayan kuwa Salahuddin Bitar, Musulmi. Dukansu sun yi karatu a Paris. Suka ga Turawa sun yayyanka ƙasashen Larabawa, sai suka koyar cewa duk mai harshen Larabci ɗan al'umma ɗaya ne, ko wane addini yake bi. Saboda haka Kiristoci da sauran 'yan tsiraru da yawa suka shiga.

Aka kafa jam'iyyar a ranar 7 ga Afrilu, 1947. Manufofinta uku ne: haɗin kai, da 'yanci, da gurguzu. A 1958 ta goyi bayan haɗe Siriya da Masar a ƙarƙashin Jamal Abdul Nasir, amma haɗin ya watse a 1961.

Da ƙuri'a ba ta kai ta ga mulki ba, sai ta jingina da sojoji. A 1963 ta ƙwace mulki a Iraƙi da Siriya. Na Iraƙi bai cika shekara ba, sai a 1968 ta komo. A 1966 hafsoshin Siriya suka kori Aflaƙ da Bitar, jam'iyyar haɗin kai kuwa ta rabu biyu, reshen Dimashƙu da na Bagadaza suka zama abokan gaba.

Hafiz Asad ya kama Siriya a 1970, Saddam Husaini ya kama Iraƙi a 1979. An gina makarantu da asibitoci, amma aka rufe bakin jama'a. Dubban mutane suka hallaka a Hama a 1982, aka kuma zuba wa Kurdawan Halabja iska mai guba a 1988. An harbe Bitar a Paris a 1980. Aflaƙ ya rasu a 1989, aka binne shi a Bagadaza.

Amurka ta hamɓarar da Saddam a 2003, aka haramta jam'iyyar. A rikicin da ya biyo baya Kiristocin Iraƙi masu ɗimbin yawa suka bar ƙasar kakanninsu. Bashar Asad ya gudu Rasha a Disamba 2024, sabuwar gwamnati kuma ta rushe jam'iyyar a Siriya a Janairu 2025.