Furanni Masu Launin Rawaya da Ƙwarin da ke Yi Musu Barbara a Kudancin Jihar Kano

Tsakure

Maƙalar ta dubi tsirrai masu furen rawaya a ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, da ƙwarin da ke sauka a kansu, bisa abin da masana suka tabbatar game da ƙirar furannin. Matsayarta ita ce akwai kaso mai muhimmanci daga cikinsu da ƙudan zuma ba ya iya buɗewa, sai wasu ƙudajen daji da ba wanda yake ɗaura wa amya.

Gabatarwa

Sunan launin ma daga tsiro aka aro shi. Rawaya, wato Cochlospermum tinctorium, wadda J. M. Dalziel ya kawo a ƙamusinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da saiwarta ake rini. Da rani, bayan wuta ta ci daji, furenta kan fito dab da ƙasa a cikin toka, tun babu ganye ko ɗaya a jikinta. Yankin nazarin ya faro daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya bi ta dajin Falgore har duwatsun Riruwai, inda ruwan sama ya fi yawa, itatuwa suka fi duhu. Noman rani da daji sun haɗa iyaka a nan, ƙwaro ɗaya yana iya cin abinci a duka biyun.

Binciken Karl von Frisch, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya nuna ƙudan zuma yana rarrabe rawaya da shuɗi, ja kuwa duhu yake gani. Shi ya sa fure mai launin rawaya ba ya rasa baƙi.

Furen da ke buɗe da wanda ke kulle

Bagaruwa tana cikin masu buɗe. Furenta dunƙule ne kamar ƙwallon auduga, garinsa a waje yake, ƙudan zuma da galla da ƙananan ƙudaje duk suna ɗiba. Haka kabewa da kankana, sai dai su namijin fure daban, macen daban. Ana gane macen da ɗan ƙullutun ɗa a gindinta, kuma furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya tsuke. In ƙwaro bai kai masa gari a wannan tsakani ba, ƙullutun ya yanƙwane ya faɗi. Gyaɗa kuwa tana barbarar kanta, ba ta jiran kowa.

Tafasa, rai-ɗore, marga da ita rawaya su ne masu kulle. Garinsu yana cikin 'yan jakunkuna dogaye masu ƙaramar ƙofa a ƙarshe, ba ya fita sai an girgiza. Baƙin ƙudan nan babba mai huda busasshen itace, Xylocopa, yakan kama furen da baki, ya dunƙule cikinsa a kai, ya kaɗa tsokar ƙirjinsa ba tare da ya buɗe fiffike ba. Mai tsaye kusa zai ji ƙarar ta sauya, ta yi kaifi na ɗan lokaci, gari ya fesu a cikin ƙudan. Jinsin Amegilla, masu gida a cikin ƙasa, su ma haka suke yi. Ƙudan zumarmu, Apis mellifera adansonii, bai iya wannan ba, sai dai ya tsinci abin da ya zube. Furen tafasa ba shi da ruwan zaƙi ma. Zaƙin yana kan wani ɗan ƙullutu a tsakanin ganyayen ƙasa, kuma tururuwa ce ke lasarsa. De Luca da Vallejo-Marín sun ƙiyasta a 2013 cewa nau'in tsirrai 15,000 zuwa 20,000 ne a duniya ke sakin gari ta hanyar girgiza.

Tumatir na cikin wannan rukuni. Iska kan girgiza shi ya yi 'ya'ya, amma ziyarar ƙuda mai girgiza tana ƙara yawan iri da girman ɗa.

Tattaunawa

Klein da abokan aikinta sun nuna a 2007 cewa 87 daga cikin manyan amfanin gona 115 na duniya suna amfana da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu. A ƙasarmu, da an ambaci wannan sai magana ta koma kan kiwon zuma, kuma a ganina nan aka yi sake. Xylocopa a busasshen reshe da tsohon kara yake haƙa gida, abin da mai itacen girki ke fara ɗauka ke nan. Wutar farkon rani da ke fito da furen rawaya ba ta da ƙarfi, amma ta bazara tana cinye reshen da ƙwan da ke ciki.

Sai feshi. Bayan ɓarnar tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, a gonakin tumatir na Kano da Kaduna a 2016, ba a ganin laifin manomin da ya rungumi magani. Matsalar lokacin feshin ce, domin hantsi, sa'ar da aka fi goya tanki, shi ne lokacin da fure ke buɗe ƙudaje na kai. Feshin yamma liƙis yana rage wannan karo, kuma da dare ne ma malam-buɗe-littafin tsutsar ya fi yawo.

Gwajin da zai auna girman lamarin a yankin ba mai tsada ba ne: a rufe wasu rassan tumatir da tafasa da gidan sauro, a bar wasu a buɗe, a gonakin bakin Falgore da na kusa da Tiga, sannan a ƙirga irin da kowane ɗa ya yi.