Dogo da Gyaɗa: Jirgin Ƙasa a Tarihin Arzikin Kano



Duk lokacin da aka tashi maganar shimfiɗa sabuwar hanyar jirgin ƙasa, abin da akan faɗa wa jama'a shi ne, da zarar dogo ya iso gari arziki ya iso. To, mu a nan Kano muna da abin da za mu auna wannan magana da shi, gama an yi mana gwajinta fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma sakamakon yana nan a rubuce. Shi nake so mu duba a yammacin nan.

Bari mu fara da yadda jirgin ya tarar da Kano. Sa'ad da Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka birnin a shekarar 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Tufafin Kano suna kaiwa Barno da Tambutu, suna ƙetare Sahara har Turabulus. Fatake suna zuwa Gwanja su ɗauko goro a kan jakuna, Buzaye suna kawo gishiri daga Bilma, Larabawan Gadamas kuwa suna da gidajensu a cikin birni, suna sayen ƙirgi da gashin jimina. Watau gari ne mai fuskantar arewa da yamma, wanda ya riga ya san bashi da amana da dillanci, ya kuma san yadda ake ba yaro jari ya tafi wata shida ya komo da riba. Wannan batu ina roƙo a riƙe shi, domin a kansa sauran bayanin zai hau.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Ba da daɗewa ba suka ga cewa mulkin ƙasa mai faɗi haka, wadda ba ta da gaɓar teku, yana cin kuɗin da harajinta bai iya biya ba. A Ingila kuma masu masaƙun Lankasha suna neman inda za su sami auduga ban da Amurka, har sun kafa ƙungiyar haɓaka noman auduga a 1902. Labarin tufafin Kano ya riga ya kai musu, sai suka ƙudurta cewa ƙasar da take tufatar da rabin Sudan ta Yamma lalle tana da audugar da za ta ciyar da injunansu. Da wannan hujja aka shawo kan gwamnatin Ingila ta yarda da aikin, kuma Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ma'aikatar ƙasashen mulkin mallaka, yana cikin waɗanda suka tsaya masa.

A 1907 aka turo Percy Girouard ya gaji Lugga. Shi injiniyan reluwe ne, mutumin Kanada, wanda ya riga ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. Aka fara aiki daga Baro, a bakin kogin Kwara, aka bi ta Minna da Kaduna da Zariya, tafiyar mil 350 da ɗoriya, dogo ya iso Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Ikko, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa, ko da yake a Jaba sai an ɗora taragu a kan jirgin fito, don gadar ba ta ƙare ba tukuna. Littattafan Turawa suna yabon arahar aikin. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne dalilin arahar: talakawa ne aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, suka bar gonakinsu suka zo suka haƙa ƙasa da jigilar ta a kai, da yawansu ba da son ransu ba. Wanda ya ji tsofaffin ƙasar Nufe ko na Gwari suna labarin aikin dogo ya san ba da murmushi suke yinsa ba.

To, jirgi ya iso, sai aka zauna jiran auduga. Ba ta zo ba. Dalili kuwa a fili yake, sai dai Turawan ba su tambayi wanda ya sani ba. Masaƙan Kano suna sayen auduga da tsadar da ta fi abin da ƙungiyar Lankasha za ta iya biya, bayan ta cire kuɗin gurza da na jirgin ƙasa da na jirgin ruwa. Manomi ba shi da dalilin barin mai saye na ƙofar gida ya kai wa baƙo mai ragi. Audugar fitarwa ta sami gindin zama daga baya, amma a ƙasar Zazzau da Funtuwa da Gusau.

Abin da ya cika taragun shi ne gyaɗa, wadda ba kowa ya sa ta a lissafi ba. A daidai wannan zamani masana'antun Turai sun gano hanyar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da shi, saboda haka kuɗin gyaɗa ya tashi. Kamfanonin Turawa da suka biyo dogo, irin su Kamfanin Neja da na John Holt, suna da kuɗi, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa, kuma ba a yarda su zauna cikin birni ba. Sai suka nemi manyan fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, suka ba su kuɗi. Su kuma suka yi abin da suka gada: suka baza yaransu ƙauyuka, suna ba manoma gishiri da tufafi da kuɗi tun kafin shuka, a kan za a biya da gyaɗa in kaka ta yi. Manomi ya duba ya ga gyaɗa tana son jigawar ƙasarsa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta faɗi kuma a ci ta a gida, abin da ba a yi da auduga. Ga haraji ya koma na tsabar kuɗi. Cikin shekara biyu gyaɗar da Nijeriya take fitarwa ta tashi daga abin da bai kai tan dubu 3 ba zuwa fiye da tan dubu 19 a 1913, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa kaya. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan al'amari a littafinsa na 1978, kuma abin da ya tabbatar shi ne cewa shawarar ta manoma ce da fatake, hukuma daga baya ta farga.

Alhasan Ɗantata, wanda sunansa ya fi na kowa fita a wannan fage, ya shigo ne bayan waɗancan. Shi ma ɗan goro ne, daga zuriyar Agalawa, ya yi zaman ƙasar Gwanja da bakin teku kafin ya komo gida, a 1918 ya fara saya wa Kamfanin Neja gyaɗa. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Kada a ɗauka kowa ya ci riba. Jirgin da ya buɗe ƙofar kudu shi ya rufe ta arewa. Ayarin da yakan yi watanni kafin ya kai Turabulus ba shi da yadda zai yi da hanyar da take kai fata Ikko cikin kwanaki, ga shi kuma Italiya ta auka wa Turabulus ɗin a 1911. Madugai da masu raƙuma suka rasa sana'a. Taragun da suka sauka da gyaɗa suka hawo da atamfa da akoko na Manchesta, masaƙi da marini suka fara jin jiki, ko da yake sun daɗe suna jurewa fiye da yadda aka zata. Katsina, wadda ta yi ƙarnuka tana goga kafaɗa da Kano a ciniki da ilmi, dogo bai bi ta kanta ba, sai ta koma mai kai kaya tashar wasu. Har ila yau, daminar 1913 ta ƙi, aka yi yunwar da ta hallaka jama'a masu yawa a 1914, manoma da dama suka koma hatsi na ɗan lokaci.

Siffar garin ma ta sāke. An kafa tasha a bayan ganuwa, kantunan Turawa da na Kwarori suka kewaye ta, Fagge ta cika, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna da suka zo daga kudu. Cibiyar ciniki ta fara gusawa daga Kurmi zuwa waje. Hausawa kuma suka bi dogo suka gangara da shanu, suka komo da goro, suka kafa unguwanni a Badun da Shagamu da Agege. Aka ƙara reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930, har gyaɗar Damagaram da Maraɗi ta riƙa biyowa ta wannan hanya zuwa teku.

Yanzu sai dalar gyaɗa, wadda muke sa hotonta a littattafan makaranta muna alfahari. Alfaharin yana da hujja, gama a shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya. Amma mu tambayi kanmu, me ya sa aka tara buhuna har suka yi tsauni? Saboda jirgi ya kasa kwashe su ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi da taragu sun tsufa, layin guda ɗaya ne, siriri, mai faɗin ƙafa uku da rabi, cike da kwana. Sai amfanin bana ya tarar da na bara a fili, ƙwari suna ci. A ganina dalar nan shaida ce ta ƙwazon manomi da kuma gazawar reluwe a lokaci guda, mu kuwa rabi ɗaya muke tunawa.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na daɗe a kansa ba. Hukumar ciniki ta riƙa biyan manomi ƙasa da kuɗin kasuwar duniya, farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Manyan motoci suka ƙwace kaya daga Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda aka kafa a 1955. An ɗauko gwanaye daga Indiya a 1979 su gyara ta, suka yi 'yan shekaru suka tafi, ta koma gidan jiya. An kai lokacin da jirgin fasinja ya daina zuwa Kano daga Ikko ɗungum, sai a Disamba 2012 aka sake tayar da shi.

A 2016 aka buɗe layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna, a 2021 aka buɗe na Ikko zuwa Badun. A cikin 2021 ɗin aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano, da kuma na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284. Wannan na ƙarshe ya fi jan hankalina a matsayina na mai bin tarihi, domin shi ne karo na farko da aka nufi dogo daga Kano zuwa wata ƙasa ta arewa, kan tsohuwar hanyar ayari da layin 1911 ya kashe. Masu suka sun ce ina kayan da zai ɗauka, kuma tambayar tana kan hanya. Ni dai abin da zan ƙara shi ne, a 1907 ma an amsa irin wannan tambaya a ofis, aka ce auduga. Wanda yake so ya san abin da zai shiga taragun Maraɗi, ya je kasuwar hatsi ta Dawanau ya ƙidaya motocin riɗi da wake da zoɓorodo da suke tashi kullum, ya zauna da masu su ya ji nawa suke biya zuwa Ikko, kwana nawa kaya suke yi a hanya, da kuma abin da zai sa su yarda su sauke daga mota su ɗora a jirgi.